Tsohon Kilif a Sabuwar Sarƙa

Sau biyu ina karɓo wa Baba ranar aikin ido a asibiti, sau biyu yana ba ni kunya. Karon farko ya ce cikinsa ke murɗawa. Karo na biyu ko ƙaryar ma bai wahalar da kansa ya yi ba, shigewa ɗaki ya yi ya murza makulli, ya bar ni a tsakar gida da kati a hannu ina magana da ƙofa. Da na koma neman rana ta uku, likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce yanar da ke idon hagu ta daɗe da nuna, ta dama ma ta yi nisa, kuma in aka ci gaba da jan ƙafa, akwai ranar da za mu kawo shi a ce mana an makara. Ya rubuta Litinin, ƙarfe takwas na safe.

Taurin kan Baba ba shi ne ya fi ƙona mini rai ba, wannan da shi muka tashi muka gan shi. Mutanen gidan ne suke kashe ni. Mama ta mayar da kanta idonsa a ɓoye. In baƙo ya yi sallama, sai ka ji ta ɗaga murya daga madafa, "A'a, maƙwabci ne? Sannu da zuwa!" don Baba ya san wa zai gaisar. Takalmansa kullum a wuri ɗaya, buta a wuri ɗaya, kujera ba mai isa ya gusar da ita. Yaya kuwa, wanda ya kamata a ce shi ne a gaba, magana ɗaya ya haddace: "Ki bi shi a hankali." Shekara guda ana bin shi a hankali, har ya kai ga rannan ya tsaya yana yi wa zanin Mama da ke kan igiya barka da asuba. Kowa ya gani, kowa ya kawar da kai. Ni da na yi magana ni ce marar kunya.

Ranar Asabar da safe na biya gida da niyyar yin ta ta ƙare. A kan babur ɗina na zo, wanda nake zuwa makarantar da nake koyarwa da shi. Sarƙarsa ta gama aiki, a satin nan kaɗai sau biyu tana zame mini a hanya, don haka na sayi sabuwa tana cikin kwalinta a jakata, da nufin in na fito in kai gareji a canja.

Ban gama kashe babur ba na ji muryarsa daga kan kujera.

"Malama, sarƙarki ta mutu. Tun daga bakin layi nake jin kukanta."

In muna shiri Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. In ya ce Malama, to ya san da abin da na zo, ya kuma ja daga.

"Na sani, Baba. Na sayi sabuwa, gareji zan kai. Ina kwana?"

"Gareji? Wane garejin?"

Nan na yi kuskure, ko kuma in ce nan na taka inda nake so in taka. Shekara talatin da biyar Baba yana gyaran babur kafin ya rufe garejinsa. Rabin makanikan da ke cin abinci a unguwarmu a hannunsa suka koyi riƙe sifana. Ka ce masa za ka kai babur wurin wani, gara ka zage shi.

"Duk wanda na samu," na ce. "Wanda yake gani dai."

Mama ta saki murfin tukunya. Yaya da ke zaune a bakin ƙofa yana latsa waya ya ɗago ya harare ni. Baba kuwa murmushi ya yi, irin murmushin da yake yi kafin ya kori yaron gareji.

"To bari mu yi ta a fili," ya ce. "Kawo sarƙar. In na ɗaura ta daidai, da hannuna, ba wanda ya taya ni, kin bar mini maganar asibitin nan har abada. In na kasa, ran Litinin ki ja ni kamar rago."

"Na yarda."

"Haba ke kuwa," in ji Yaya, "wannan wane irin..."

"Yaya, don Allah ka ci gaba da latsa wayarka. A nan ka fi amfani."

Mama ta jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, Yaya ya kafe babur a kan ƙafafunsa biyu har tayar baya ta ɗaga. Daga nan Baba ya kore mu duka gefe. Ya shimfiɗa tsohon buhu a kan siminti, ya naɗe hannun riga, ya zauna. Ni kuma na tsaya a jikin bango na harɗe hannu, ina jiran ya kasa. Ban ji daɗin faɗa ba, amma gaskiya ce, addu'a nake ubana ya kunyata a gabanmu.

Sai ga shi ba shi da niyyar kasawa. Hannunsa ya shiga akwati ya fito da sifanar da yake so ba tare da ya lalube ta biyu ba. Ya kwance murfin sarƙa, ya jera notinan a cikin murfin gwangwani. Ya juya taya a hankali, yatsunsa suna bin sarƙa gaɓa-gaɓa, har suka tsaya a mahaɗi, inda bakin sarƙa biyu suke haɗuwa. A nan ne ake saka kilif, wani ɗan siririn ƙarfe mai baki buɗe, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Shi ne yake kulle mahaɗin. In ya fita a guje, sarƙa ta rabu, kuma in ta naɗe a taya sai dai wani ya ba da labari.

Ya sa filaya ya ture tsohon kilif ɗin, ya jefa shi a aljihun gaban rigarsa. Na san wannan aljihun. Duk wanda ya taɓa zama a garejin Baba ya san dokarsa: sabuwar sarƙa, sabon kilif. Tsoho ya riga ya buɗe baki, ba ya sake riƙewa kamar da. Don kada wani ya ɗauka ya mayar, a aljihunsa yake ajiye shi har a gama aiki, sannan ya karya shi biyu da filaya a gaban mai babur, ya zuba masa a tafin hannu ya ce, "Ga rasit ɗinka." A kan dokar nan Yaya ya bar gareji. Yana saurayi ya taɓa mayar wa wani mutum tsohon kilif don sabon ya ɓace masa, mutumin bai yi nisa ba sarƙa ta watse, ya bar fatar gwiwarsa a kan kwalta. Baba ya yi wata guda bai amsa gaisuwar Yaya ba. Shi ya sa yau Yaya waya yake gyarawa.

"Haƙoran faifan nan da sauransu," in ji Baba, yana shafa faifan da sarƙa ke hawa da babban yatsa. "Za su ƙara shekara. Amma ke ba ki san ana sa wa sarƙa mai ba ne? Ko a makarantar taku ba a koyar da wannan?"

"Wa ya koya mini? Ba cewa ka yi in riƙa hawa kawai ba, gyara ba nawa ba ne?"

Ya maƙala bakin sabuwar sarƙa a jikin tsohuwa, ya ja tsohuwar, sabuwa ta bi ta ta zagaye ƙaramin faifan gaba ta fito, ko murfin injin bai buɗe ba. Ya sassauta babban notin taya, ya tura ta gaba. Ya ƙirga zaren notinan jan taya da farce, hagu da dama, don kada taya ta karkace. Yana yi yana 'yar waƙarsa ta gareji a maƙoshi. Mama ta fito ta tsaya da ludayi a hannu, fuskarta kamar an yi mata albishir. Yaya ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Kin gani ko? Mutumin nan lafiyarsa ƙalau."

"Yaya, dubi idonsa. Sarƙar yake kallo?"

Ba sarƙar yake kallo ba. Fuskarsa na fuskantar bango, idanunsa a buɗe suna kallon babu. Da hannu yake yin komai. Raina ya ƙara ɓaci, don na ga zai ci wannan caca, kuma abin da zai ci shi ne makanta.

Ya haɗa bakin sarƙa biyu a kan faifan baya, ya zura mahaɗi, ya ɗora ɗan faranti. Saura kilif. Ya yage 'yar ledar, ya ɗora sabon a wurinsa, ya kama da filaya ya matsa. Sabon kilif yana da taurin kai, ga maiƙon sabuwar sarƙa a yatsunsa. Sai ji muka yi ƙyas! Ya tsalle, ya daki bokiti, ya faɗo a kan siminti.

Bai yi nisa ba. Yana nan kwance, taki ɗaya daga ƙafar Baba ta hagu, rana na dukansa yana ƙyalli. Na gan shi. Mama ta gan shi. Yaya ya gan shi har ya ɗaga ƙafa zai je, na damƙe masa riga.

"Ba wanda zai taya shi," na ce a hankali. "Shi ya faɗa."

Baba ya ci gaba da 'yar waƙarsa kamar ba abin da ya faru, amma hannunsa na dama ya sauka ƙasa yana shafa siminti. Ya shafa gabansa, ya shafa ƙarƙashin taya, ya ɗaga gefen buhu. Sau biyu yatsunsa suna wucewa dab da kilif ɗin. Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya ƙanƙance ido. Mama ta buɗe baki, na kalle ta, ta rufe. Waƙar ta tsaya.

Na ɗauka a nan zai ce ya kasa. Wallahi da ya faɗa, da na durƙusa na ɗauko masa na ba shi haƙuri. Amma sai ya gyara zama, ya yi tari, ya kai hannu ƙirji kamar mai sosawa. Yatsu biyu suka shiga aljihu suka fito. Ya juya mana baya kaɗan, filaya ta yi ƙara, kuma a wannan karon ba a sha wahala ba, don tsohon kilif ba ya gardama.

Ban taɓa jin fushi irin na lokacin nan ba. Kunnuwana har zafi suke. Mutumin da ya yi wata guda yana gaba da ɗansa a kan abin nan, yau shi ne ya saka wa 'yarsa, don kawai kada a kai shi asibiti. Na juya na dubi Yaya. Ya gani sarai, ya san abin da aka yi fiye da kowa a gidan nan, amma sai ya mayar da kai kan waya.

Baba ya ja taya baya, ya gwada sassaucin sarƙa da yatsu biyu, ya ɗaure notina, ya mayar da murfi. Ya juya taya, ta yi ta juyawa shiru ba ƙara. Ya goge hannu da tsumma ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara.

"To, Malama. A kira wani makanikin ya duba, in akwai mai gani."

"Sannu da aiki, Baba," in ji Yaya da sauri. "Ai magana ta ƙare."

Na matsa gabansa na miƙa tafin hannu.

"Baba, ina rasit ɗina?"

"Wane rasit kuma? An rufe gareji, an rufe rasit."

"Tsohon kilif nake nufi. Na ga ka sa a aljihu."

"Na jefar."

"Yaushe?"

"Ke! Ni kike tuhuma? A gidana?" Ya ɗaga murya har kajin maƙwabta suka amsa. "Na gama aiki ko ban gama ba? Alkawari kika yi, ki cika. Kada in ƙara jin maganar asibiti a bakinki!"

"Ki bar shi haka mana," in ji Mama. "Tunda ya gama."

"Ya gama," na ce. "Shi ke nan. Na bar maganar asibiti. Bari in gwada aikin. Babban titi zan hau, in ba shi wuta har gadar can in dawo, in ga ko sabuwar sarƙa ta zauna."

Na ɗauki hular kwano na kifa. Na sauke babur daga ƙafafunsa na tura shi waje. Yaya ya biyo ni har ƙofa yana raɗa, "Ba ki da hankali ne? Kin san fa abin da ke jiki." Na ce masa in yana da magana ya je ya faɗa wa Baba da ƙarfi, ba ni ba.

Na tayar da babur. Da gangan na murɗa shi ya yi ƙara sau uku, don mai kunne ya ji. Na waiga cikin gida. Baba na tsaye inda na bar shi, tsumma a hannu, bai motsa ba. Na sa giya na ja.

Layinmu ba shi da tsawo, gida tara ne zuwa bakin titi. A hankali nake tafiya, amma zuciyata gudu take. Na wuce gida na biyu, shiru. Na wuce shagon tela, shiru. Fushin ya fara juyewa ya zama tsoro, ba tsoron sarƙa ba, tsoron kada in kai bakin titi ba wanda ya kira ni. In har na kai, to na san matsayina a wurin ubana, kuma ban san yadda zan sake shiga gidan nan in gaishe shi ba. Na wuce gida na shida hawaye na cika mini hula.

"Uwata!"

Na taka birki.

"Uwata! Tsaya! Ku tsayar da ita!"

Na waiga. Ya fito ba takalmi, hannuwansa a gaba yana laluben iska, yana gudu irin na wanda bai san inda ƙafarsa za ta sauka ba. Kafaɗarsa ta daki ƙarfen ƙofa, bai tsaya ba. Ba ma wajena ya nufa ba, ƙarar wani babur da ya gifta ta can gefe yake bi. Kwatar da ke gaban gidan maƙwabci, wadda shi da kansa ya taya haƙawa, ita ya zuba ƙafa a ciki ya kife. Tela ya fito, masu wucewa suka tsaya. Duk abin da Mama ta shekara tana rufewa ya bayyana a tsakiyar layi da rana tsaka.

Na yar da babur na ruga. Kafin in iso Yaya ya ɗago shi, gwiwarsa na jini, wandonsa ya jiƙe da ruwan kwata. Ya cafki hannuna ya bi shi da shafa har kafaɗa, har fuska, ya ci karo da hular kwano.

"Ba ki hau titi ba?"

"Ban hau ba."

"Tsoho ne," ya ce, yana haki. "Kilif ɗin tsoho ne. Sabon ya faɗi, na nema ban gan shi ba. Ba na gani, Uwata. Ko fuskarki rabona da ita tun bara."

Na so in ce masa ai na sani, na so in zazzage masa duk abin da na tara na shekara guda. Yaya ne ya yi magana, karo na farko a ranar da ya faɗi abu mai amfani, ya ce wa mutane a ba mu wuri.

Muka koma ciki, Yaya na tura babur, ni ina riƙe da Baba. Mama ta kawo ruwa ta wanke masa gwiwa tana kuka tana yi mini faɗa, wai ni ce na so in kashe mata miji. Ban musa ba. Baba ya ce a mayar da shi kan buhu.

"Shekara talatin da biyar ban bar wani ya taɓa mini babur ba," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Yanzu a ce in kwanta, wani yaro ya sa mini ƙarfe a ido, ni kuma ko kallon abin da yake yi ba zan iya ba."

"Haka masu babur suke ji in sun kawo maka, Baba."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Sabon yana ina?"

Na durƙusa na ɗauko sabon kilif daga inda yake kwance tun ɗazu, na sa masa a hannu. Ya juya shi a yatsu, sannan ya mayar mini, ya haɗa da filaya. Tunda nake ban taɓa riƙe filayar nan da izininsa ba.

"Kwance murfin. Cire wancan ki ba ni. In za ki sa sabon, rufaffen kan ya kalli inda sarƙa take tafiya, buɗaɗɗen ya kalli baya. Ki tokare da babban yatsa kada ya tsalle."

Sau uku ina gwadawa yana zamewa, yana ce mini hannuna kamar na mai dama kunu. A na huɗu ya shiga, ƙyas. Ya kai yatsa ya shafa, ya shafa kuma, bai kushe ba, wanda a wurin Baba yabo ne.

Ya karɓi filaya, ya kama tsohon kilif ya karya shi biyu. Ya lalubo hannuna ya zuba mini guntayen, ya naɗe yatsuna a kansu, bai saki ba.

"Litinin ɗin, ƙarfe nawa?"

"Takwas."

"Ki zo bakwai," ya ce. "A bayanki zan hau. In ya so in ji yadda sarƙar take."